Shaidar Kwata: Yadda Ake Bin Sawun Shan Inna a Ruwan Ƙazantar Sakkwato

Wanda ya saba sammako ta wajen Ƙofar Dundaye, mai yiwuwa ya taɓa cin karo da su. Mutum biyu ko uku ne, sanye da dogayen takalman roba da safar hannu da takunkumi, suna zura guga cikin babbar kwata. Su ɗebo ruwan nan da kowa ke toshe hanci in zai gifta shi, su ɗura a jarka, su rubuta kwanan wata da lokaci a jikinta, su saka ta cikin akwatin sanyi irin na masu rigakafi. Wata safiya ina tsaye ina kallonsu, wani dattijo da ya fito daga masallaci ya matso kusa da ni ya ce, "Ɗana, mi waɗanga mutane ka nema cikin ƙazanta?" Na ce, "Baba, shan inna suke nema." Ya jinjina kai, ya ce shi dai a iya saninsa, a ƙafar yaro ake ganin shan inna.

Dattijon ya yi gaskiya, sai dai ƙafa ita ce zangon ƙarshe. Ƙwayar shan inna ta baki take shiga, ta sauka a maƙogwaro da hanji, ta hayayyafa a can, sannan ta riƙa fita tare da bayan gida har tsawon makonni, sau da yawa uku zuwa shida. Wajen mutum bakwai cikin goma da suka ɗauke ta ko ciwon kai ba sa ji. Wasu su yi ɗan zazzaɓi ya wuce. Ƙwayar nau'i-nau'i ce. A nau'i na ɗaya, kusan mutum ɗaya cikin 200 ne take hayewa zuwa lakarsa ta kashe masa ƙafa ko hannu. A nau'i na biyu kuwa, wanda shi ke addabarmu yanzu a nan arewa maso yamma, ƙiyasin masana ya kai wajen ɗaya cikin 2,000. Ke nan ranar da uwa ta wayi gari ɗanta ya kasa tsayuwa, ƙwayar ta riga ta ratsa gidaje da yawa ba wanda ya ji motsinta. Jiran ganin gurgu kafin a san cuta ta shigo gari ihu ne bayan hari. Shi ya sa aka koma tambayar kwata, domin ita tana karɓa daga mai ciwo da wanda bai san yana ɗauke da komai ba.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun 1939 John Paul da James Trask na Jami'ar Yale suka gano ƙwayar shan inna a ruwan ƙazantar wasu biranen Amurka. A 1948 wani masani a Ingila, Brendan Moore, ya riƙa ɗaure ƙyallen bandeji da igiya yana barinsa cikin bututun ƙazanta, ya bi bututun reshe bayan reshe har ya isa gidan da ƙwayar wani zazzaɓi ɗan uwan taifod ke fitowa. A Najeriya, Kano aka fara a watan Yuli na 2011, Sakkwato ta biyo baya a watan Maris na 2012 da wurare huɗu cikin birni. Tun a shekarar farko ruwan kwatocinmu ya nuna ƙwayar shan inna ta asali, wadda masana ke kira ta daji, ya kuma nuna ɗaya irin, wadda ta samo tushe daga ɗigon rigakafi. Zan dawo kan wannan ta ɗigon, don a nan ne mafi yawan ruɗani yake.

Abin da nake son mai karatu ya riƙe shi ne, kwata shaida ce mai wani irin hali. In ta ce akwai, to akwai. In ta yi shiru kuwa, shirun nan nata ba ya kai matsayin "babu". Dalilin hakan yana cikin halayyar bairos, wato jinsin ƙwayoyin cutar da ta shan inna take ciki, da zarar ya bar jikin mutum, da kuma irin hanyar da ƙazanta ke bi a garinmu.

Bairos ya sha bamban da bakteriya. Bakteriya, kamar mai haddasa kwalara ko taifod, halitta ce mai ci da haihuwa da kanta in ta samu wurin da ya yi mata. Bairos ba ya iya haihuwa sai cikin ƙwayoyin jikin wanda ya kama. Na shan inna ƙanƙantarsa ta kai in aka jera sama da 30,000 ne za su cika tsawon milimita ɗaya, kuma ba ya kama kowace halitta sai ɗan Adam. Saboda haka duk wanda aka tsinta a kwata daga cikin wani mutum ya fito, ba daga akuya ko kaza ba, kuma tun daga lokacin da ya faɗa ruwa yawansa sai dai raguwa. Aikin masu guga tsere ne da wannan raguwar.

Saurin raguwar ya danganta da suturar bairos ɗin. Akwai masu rigar maiƙo a waje, irin su korona da mura da ƙyanda da lassa. Akwai kuma marasa riga, waɗanda ɓawon furotin mai tauri kawai suke da shi, irin su shan inna, da rota mai sa jarirai gudawa, da masu ciwon hanta nau'in A da E. Mutum zai zaci mai riga ya fi kariya, alhali shi ne rago. Sabulu da omo suna narkar da maiƙon, kuma da zarar rigar ta yage bairos ɗin ya tashi aiki, ba ya iya kama kowa, ko da yake ɓurɓushin saƙon halittarsa, wato bayanan gadon da ke ƙunshe a cikinsa masu nuna irinsa, yakan saura na ɗan lokaci har na'ura ta iya karanta shi. Marasa rigar kuwa an halicce su ne su jure tsamin ciki, su sauka hanji da ransu. Wanda ya tsallake tumbin mutum lafiya, ruwan sabulun wanka ba zai firgita shi ba. Wannan juriya ita ta sa suke da haɗari a ruwan sha, ita ce kuma ta sa ake iya kamo su da rai a kai ɗakin gwaji.

Cikin kwata kuma ba yawo kawai suke yi a ruwa ba. Bairos yana manne wa ɓarɓashin najasa da yumɓu da ruɓaɓɓen abinci. Masu rigar maiƙo sun fi son mannewa, shi ya sa a ƙasashen da ke auna korona wasu suka fi neman ta cikin laka mai kwantawa a ƙasa. Na shan inna ya fi zama cikin ruwan, amma shi ma wani kaso nasa yana kwantawa. Sannan akwai santsin nan mai yauƙi da ke lulluɓe bangon kwata da na bututu, wanda tarin ƙananan halittu ne suka yi gida. Yana riƙe bairos, ya ɓoye shi daga rana, wata rana in ruwa ya taho da ƙarfi ya ɓamɓare ya sako shi. Ke nan abin da guga ya ɗebo yau, wani ɓangarensa labarin safiyar yau ne, wani kuma na kwanakin baya.

Abokan gabansa a nan suna da yawa, kuma Sakkwato ta tara su. Na farko zafi. Bairos ya fi daɗewa a ruwa mai sanyi, a firji ma yakan yi watanni, amma kowane ƙarin ɗumi yana rage masa kwana. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafinmu ke haura digiri 40, ruwan da ke rarrafe cikin kwatar siminti ya zama kamar an ɗora shi a murhu. Na biyu hasken rana, wanda ke lalata saƙon halittar bairos kai tsaye, kuma kwatocinmu a buɗe suke. Na uku sauran ƙananan halittun cikin ruwan, masu cinye shi ko narkar da ɓawonsa. Sai sinadarai: tokar murhu, farar ƙasa, maganin wanke banɗaki, da abin da ke fitowa daga marina da majema. Garin da ya yi suna da jimar fatar jar akuya dole ya kula da wannan, domin ruwan jima yana iya kashe ƙwayar, yana kuma iya kashe ƙwayoyin halittar da ake reno a ɗakin gwaji don kamo ta. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce a guji ɗiba a inda ruwan masana'anta ke shiga.

Damina tana da fuska biyu. Ruwan farko yana wanko abin da ya taru tun rani, ya cika masai har ta tumbatsa, ya kwaso kashin da ke bayan katanga da kangaye, duk ya zubo kwata. Amma in aka shiga Agusta, ruwan sama ya ninka na gidaje sau da yawa, ƙwayar ta tsarwatse cikinsa kamar gishiri ɗan kaɗan a randa. Da hunturu ƙwayar ta fi samun sauƙi ta fuskar zafi, sai dai wasu kwatocin a lokacin sun fara ƙafewa, musamman a unguwannin da famfo ya daɗe bai kawo ruwa ba, inda kowace jarkar 'yan garuwa ake lallaɓa ta.

Yanzu ga babban bambancin da ba a cika faɗa ba. Yawancin abin da aka rubuta kan wannan fanni an rubuta shi ne kan birane masu bututun ƙarƙashin ƙasa, inda kowane banɗaki yake haɗe da babban layi, layin kuma ya ƙare a matata guda. Matatar Beckton a Landan tana karɓar ƙazantar mutum wajen miliyan huɗu. Mai ɗiba a bakinta ya san adadin mutanen da ke bayansa, ya san unguwanninsu, ya san yawan ruwan da ke shiga kowace awa. Abuja tana da irin wannan a Wupa, ga wani sashe na birnin. Sakkwato ba ta da shi. Babba a garinmu masai yake shiga, ko banɗaki mai sokawe, abin da ya ajiye kuma a ramin yake zama. To me ke bi ta rariya ya fito kwata? Ruwan wanka da wanki da wanke-wanke. Ruwan da aka yi wa yaro tsarki da shi a tsakar gida. Ɗaurayar fo, da wankin tsummokaran jariri da wandunan mai koyon tafiya. Famfas da aka jefar. Yaron da ya tsuguna a bakin kwata da sassafe. Sokawen da ya cika yana tsiyaya, da gidan da ya saki bututun banɗakinsa cikin kwata a ɓoye, da abin da wasu masu yasar masai ke zubarwa da dare.

In ka duba wannan jerin da kyau za ka ga shaidar kwatar Sakkwato ta karkata ga ƙananan yara. Ga mai neman shan inna wannan dace ne, don 'yan ƙasa da shekara biyar su ne suka fi ɗaukar ƙwayar da yaɗa ta. A ganina wannan na cikin dalilan da suka sa dabarar ta yi aiki a garuruwanmu duk da rashin bututu. Amma ga mai neman cutar da ta fi kama manya, kwatar ba ta jin muryar mafi yawan waɗanda yake nema. Haka kuma ba kowace unguwa ke magana ba. Tsohon gari mai cunkoso, inda rariyoyi ke haɗuwa su zama babbar kwata, yana cikin lissafi. Gidajen masu hali da komai ke ƙarewa a sokawe mai kyau ba sa ciki. Sababbin unguwannin gefen gari da ba a gina musu magudana ba, inda ruwan kowane gida ke nutsewa a ƙofarsa, su ma ba sa ciki.

Ƙa'idar da aka shimfiɗa ta fi son a zaɓi wurin da ke tara ƙazantar mutum 100,000 zuwa 300,000, kuma a lissafi ana sa ran gano ƙwayar ko da mutum ɗaya cikin 10,000 ne ke fitar da ita. Lissafin nan ya fi zama daidai inda bututu ke haɗa kowa. A buɗaɗɗiyar kwata, wa zai rantse da adadin mutanen da ke bayanta? Shi ya sa masu aikin suke da wata hanyar auna ingancin wuri. Akwai dangin shan inna da yawa marasa suna a bakin jama'a, masu zama a hanjin yara kusan koyaushe. In ana samun waɗannan a aƙalla rabin samfuran da aka ɗiba a wuri, an san lallai kashin mutane yana isowa nan da ƙwayoyinsa a raye. In ba a samunsu, to wurin kurma ne, kuma "ba a ga komai ba" daga irin wannan wuri ba labari ba ne. Duk wanda aka kawo masa rahoton cewa kwata kaza ta yi wata shida babu shan inna, tambayar farko da ya kamata ya yi ita ce, sauran dangin fa, ana ganinsu?

Sammakon ma da dalili. Da safe ne gidaje ke wanka da tsarkin yara, ruwa ya fi gudu, rana kuma ba ta gama aikinta ba. Amma guga ɗaya hoton minti ɗaya ne. Yaron da aka wanke da la'asar, ko wanda gidansu ke nesa har ruwan ya tsaya a hanya bayan tarin leda, ba ya cikin hoton. A manyan matatu akwai na'urar da ke tsotsar ɗan ruwa kowace awa har kwana ɗaya. Inda babu ita, tsohuwar dabarar ƙyallen Moore tana nan, ba ta da tsada, in dai za a samu mai tsaronsa kada yara su janye igiyar.

Daga bakin kwata jarkar za ta kama doguwar hanya cikin sanyi zuwa ɗakin gwajin shan inna na Jami'ar Ibadan. In ƙanƙara ta narke a hanya, zafin da aka guje wa a kwata ya cim ma samfurin a mota. A can za a ɗauki rabin lita, a zuba mata wasu sinadarai biyu, ta kwana, ƙwayoyin su taru cikin ɗan ruwan da bai wuce 'yan cokula ba. Sai a ɗiga shi kan ƙwayoyin halitta da ake reno a kwalba, a jira kwanaki a ga ko za su fara mutuwa. In sun mutu, a tantance wane ne ya kashe su, sannan a karanta saƙon halittarsa harafi bayan harafi. Duk wannan yana cin makonni. Sakamakon da ya iso yau labarin abin da ya wuce ne, ƙwayar kuwa ba ta tsaya jiran takarda ba.

Karatun haruffan nan shi ne ɓangaren da ya fi burge ni. Akwai wani yanki na saƙon halittar shan inna mai haruffa wajen 900, kuma yayin da ƙwayar ke tsallakawa daga ciki zuwa ciki, kusan ɗaya cikin ɗari na haruffan ke sauyawa a shekara. Agogo ke nan. In an ga ƙwaya ta bambanta da iyayenta da haruffa ashirin, an san ta yi wajen shekara biyu tana yawo. In kuma ta yi nisa da duk wata 'yar uwarta da aka taɓa kamawa, masana kan kira ta marainiya, ma'ana ta daɗe tana zagaya a wani wurin da idonmu bai kai ba. Da wannan ake gane dangantaka tsakanin ƙwayar da aka tsinta a nan da ta Gusau ko Birnin Kebbi ko ta tsallaken iyaka ta Illela. Daga Satumba zuwa Disamba na 2024 an tsinci shan inna nau'i na biyu a ruwan ƙazantar Sifen da Folan da Jamus da Birtaniya da Finlan. Da aka karanta haruffanta, sai ga shi zuriyar wadda aka fara gani a Zamfara ce a 2020. Zamfarawa kuwa makwabtanmu ne na jini, hanyarmu ɗaya, kasuwarmu ɗaya.

Wannan ya kawo mu ga ƙwayar da ta samo tushe daga ɗigo, kuma gara a faɗi maganar yadda take, don ɓoye ta shi ke ba jita-jita abinci. Ɗigon da ake yi wa yara a baki ƙwaya ce mai rai da aka raunana. Tana zama a hanji ta koya wa jiki faɗa, tana kuma fita da bayan gida, shi ya sa bayan kowane zagayen rigakafi ake ganinta a kwata, kuma wannan ba abin tsoro ba ne. Inda yawancin yara suka samu rigakafi, ba ta samun wurin zuwa, sai ta mutu. Inda aka bar yara da yawa ba kariya, takan yi ta tsalle daga wannan zuwa wancan wata da watanni, tana sauya haruffa, har ta dawo da ƙarfin kakanninta. A nau'i na biyu, sauyin haruffa shida ya isa a daina kiranta ta rigakafi. An ayyana ƙarewar nau'i na biyu na daji a duniya a 2015, aka cire shi daga ɗigon yau da kullum a watan Afrilu na 2016. Yaran da aka haifa bayan nan sun dogara ne da allurar asibiti, ga shi kuwa binciken ƙasa na 2016 zuwa 2017 ya nuna yara uku kacal cikin ɗari ne a Jihar Sakkwato suka kammala allura uku ta rigakafin jarirai mai haɗe da cututtuka biyar, mafi ƙaranci a Najeriya. A ƙarshen 2016 aka samu irin wannan ƙwaya a Boɗinga. An tabbatar da Afirka ta rabu da ƙwayar daji ranar 25 ga Agusta, 2020, amma wannan ta ci gaba da gurgunta yara, har Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta yi amfani da sabon ɗigon nau'i na biyu, mai wuyar rikiɗa, a watan Maris na 2021. Ganin wannan ƙwaya a kwata, ma'anarsa akwai tarin yaran da rigakafi bai kai gare su ba.

In kwata ta ce akwai, an ga ƙasashen da suka ɗauki maganar da muhimmanci. A 2013 Isra'ila ta tsinci ƙwayar daji a ruwan ƙazantar garin Rahat da wasu wurare, ta yi wa yara ɗigo, aka kashe wutar ba tare da yaro ko ɗaya ya gurgunce ba. Landan ta yi haka a 2022, ta kira 'yan shekara ɗaya zuwa tara a ƙara musu allura saboda abin da aka gani a Beckton. A Gaza an ga ƙwayar a samfuran watan Yuni na 2024, kafin watan Agusta ya ƙare aka tabbatar da ita a jikin jariri ɗan wata goma, na farko cikin shekara 25. Darasin shiru kuwa a gida muka koye shi. Bayan Yuli na 2014 Najeriya ta yi shekara biyu ba a ga ƙwayar daji ba, har aka cire ta daga jerin ƙasashen da cutar ta yi kaka-gida. A watan Agusta na 2016 sai ga ta a Gwoza da Jere, haruffanta kuma suka nuna zuriyar wadda aka gani a Borno ce tun 2011. Shekara biyar tana yawo a inda rikici ya hana ma'aikata shiga.

Korona ce ta sa duniya ta waiwayi wannan fanni da ƙarfi. A watan Maris na 2020 masu bincike a Holan suka ga alamarta a ruwan ƙazantar Amersfoort kwanaki kafin a ba da rahoton mai cutar na farko a garin, kuma kafin shekarar ta ƙare Amurka ta kafa tsarin ƙasa baki ɗaya. Can abin da suke yi awo ne: yawan ɓurɓushin ya hau ko ya sauka a wannan makon? Don su san yawan najasar mutane da ke cikin ruwan, sukan auna wani bairos na barkono da tattasai, wanda ba ya cutar da mutum amma yana fita da yawa a bayan gidan duk mai cin miya. Dabara ce mai kyau a bututu. A kwatarmu kuwa, inda ake zubar da ruwan wankin tattasai da attaruhu da ɗaurayar injin markaɗe, ina ganin ma'aunin zai ruɗe, balle jaririn da ya fi kowa ba kwata saƙo nono yake sha. Wanda ya ɗauko tsarin korona na Turai ya dasa shi a nan yadda yake, zai samu lambobi masu kyan gani da ba su auna komai ba.

Ba ina cewa a tsaya kan shan inna kaɗai ba. Tunda an riga an ɗebo ruwan, an biya kuɗin mota da ƙanƙara, asara ce a nemi abu ɗaya a zubar da saura. Rota, wadda aka shigar da rigakafinta cikin na jarirai a 2022, da taifod, da kwalara wadda ta kashe sama da mutum 3,000 a Najeriya a 2021, da ciwon hanta nau'in E mai tsanani ga masu juna biyu, duk ta hanji suke fita. Sai dai kowace a tambaye ta abin da kwata za ta iya amsawa: akwai ko ba a gani ba, wane iri ne, daga ina zuriyarsa. A kuma tuna muna kiwo a cikin gida. Amurkawa sun gamu da wannan a 2024, lokacin da murar tsuntsaye ta shiga shanun madara, suka ga alamarta a ruwan ƙazanta suka kasa rabe ta mutum da ta dabba. Garin da tumaki da kaji da tantabaru ke kwana a tsakar gida, ga ruwan mayanka, sai ya fi su shan wannan wahala. Kuma zai fi kyau a ce wani sashe na gwajin ana yinsa a nan, ga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da asibitin koyarwarta, a rage kwanakin da hanya ke ci.

Akwai kuma haƙƙin mutanen da ruwan ya fito daga gidajensu. Sakamakon kwata ba ya nuna gida, ba ya nuna mutum. Mai ƙwayar yana iya zama ɗan unguwa, yana iya zama baƙon da ya sauka a tasha ya kwana ɗaya, ko ɗan gudun hijirar da ya baro ƙauyensu da abin da ke jikinsa. Kuskure ne a laƙaba wa unguwa suna, ko a nuna almajirai da yatsa, a kan abin da ruwan bai faɗa ba. Kuskure ne kuma a ɗebi ruwan mutane shekara da shekaru ba a taɓa zama da mai unguwa da limami da matan gida an gaya musu abin da aka gani ba. Tun 2009 sarakunan arewa, ƙarƙashin Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, suke da kwamiti kan kiwon lafiya a matakin farko, hanyar isar da magana tana nan. Uwar da aka ƙwanƙwasa wa ƙofa karo na biyar a shekara, tana tambayar me ya sa kullum ɗigo, ta cancanci a ce mata an ga ƙwayar a kwatar da ke bayan gidanta a watan jiya. Ta kuma cancanci a gaya mata cewa ruwan nan da aka samu ƙwayar a ciki shi ne yaranta ke tsallakawa ba takalmi, shi ne ke gangarawa fadama wajen masu latas da kabeji, ya ƙare a gulbi.

Jihar tana da ƙananan hukumomi 23, kuma mafi yawan ƙauyukanta ba su da kwatar da ruwa ke gudu a cikinta balle a zura guga. A Isa da Sabon Birni da sauran gabashin jihar, inda 'yan bindiga suka hana ma'aikatan lafiya sakewa, yanayin ya yi kama da wanda ya ɓoye ƙwayar Borno. A can mun koma ga hanyar dattijon nan ta duban ƙafa, kuma masu gani na farko ba likitoci ba ne: uwa ce, da ungozoma, da mai ɗori, da wanzami, da mai kemis. Duk yaro ɗan ƙasa da shekara 15 da ƙafarsa ko hannunsa ya saki farat ɗaya ya zama laƙwas, ko an yi zaton iska ce ko faɗuwa, a sanar da asibiti mafi kusa ko jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma. Ana bukatar bayan gidansa sau biyu, da tazarar aƙalla awa 24 tsakani, cikin kwana 14 da fara ciwon, domin bayan nan ƙwayar tana raguwa a cikinsa har gwaji ya kasa ganinta.